Shaton Ruwan Tungar Ibrah Yana Rawa

Daga: Bintu Manzo, unguwarzoma, shugabar ƙungiyar matan Tungar Ibrah, kusa da Tabla

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Gundumar Filinge, Jihar Tillaberi

Ranar 7 ga watan Maris, 2011

Game da: Kayan kariyar girgiza da anka cire wa shaton ruwan garinmu, da ran da ya salwanta saboda haka

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina neman izinin shigar da wanga ƙorafi da sunana da na matan garinmu. Na rubuta shi da Hausa domin karatun manya kaɗai na yi, ba ni da Faransanci, kuma ban so wani ya sassauta mini magana wajen fassara.

1. A shekarar 1986, zamanin mulkin soja, wani shirin taimako ya gina mana shaton ruwa, wato babban tanki bisa dogayen ƙafafu, a tsakiyar gari, da famfuna a ƙarƙashinsa. Injiniyan da ya jagoranci aikin baƙo ne daga wata ƙasa mai nisa. Bai dasa ƙafafun shaton cikin ƙasa kai tsaye ba. Ƙarƙashin kowace ƙafa ya sa matashi na roba mai kauri da farantan ƙarfe a cikinsa, kuma ya ɗaura wa kowace ƙafa wata doguwar tukunyar ƙarfe cike da mai mai yauƙi, irin amotisar da ke rage girgizar babbar mota amma ta fi ta girma nesa. Tafinta ya bayyana mana cewa idan ƙasa ta motsa, robar za ta bar ta ta motsa ita kaɗai ba tare da ta ja shaton ba, abin da ya rage na girgiza kuma man ya shanye shi. Mun yi masa dariya, Allah ya yafe mana. Munka ce ƙasarmu ta Kurfai tun kakanni ba ta taɓa rawa ba. Daga baya tafintan ya gaya mana cewa girgizar ƙasa ce ta rufe mahaifan mutumin cikin ɗakinsu, shi ya sa ko rumbu zai gina haka yake gina shi. Tun daga ranar munka daina dariya a gabansa.

2. A watan Afrilu na 1997, bayan soja sun sake riƙe ƙasa, wani ɗan kwangila ya zo da kamyo, wato motar kaya, da takarda mai hatimi, ya ce an turo shi gyara. Ba mu san sunansa ba, yaransa suna ce masa Patoro, wato maigida. Ya kwance tukwanen man duka ya loda, ya ce za a sabunta su a Yamai a dawo da su. Sannan ya zuba siminti ya binne matasan robar, ya ce haka ya fi ƙarfi. Marigayi maigari Dodo ya tambayi yaushe za a maido kayan, anka nuna masa hatimin. Ranka ya daɗe ka san yadda wancan zamani yake, wanda ya zo da hatimi ba a yi masa tambaya ta biyu. Kayan ba su dawo ba. Bayan wasu shekaru, Salisu mai saida jakai ya ga ɗaya daga cikin tukwanen a kasuwar Baleyara, an tokare rumfar wani mai tsofaffin ƙarafa da ita. Ya shaida ta da shuɗin fentin da ke jikinta, kuma a shirye yake ya faɗi haka gaban hukuma.

3. Tun watan Oktoba na 2010 wani kamfanin gyaran hanya yake fasa dutse da nakiya a tsaunin gabas da gari, kowace Litinin da Alhamis da hantsi. Duk lokacin da nakiyar ta tashi, ƙasa tana kaɗawa har kwanoni su yi ƙara a ɗaki. Shaton da anka ɗaure da ƙasa yanzu yana bin ta duk inda ta je. Ruwan cikinsa yana bugun bango hagu da dama, yana ci gaba da bugu bayan ƙarar ta wuce, har bayan ƙura ta kwanta. Ƙafar arewa ta tsage daga ƙasa har sama da tsayin mutum. Mun aika wa shugaban aikin dattawa sau biyu. Ya karɓe su da mutunci, ya ce shaton ba ya cikin kwangilarsa.

4. Ranar Alhamis 13 ga Janairu, 2011, ƙanwata Muna Manzo tana famfo da tulunta. Nakiya ta tashi. Wani ɓangaren siminti ya ɓalle daga gindin tankin ya faɗo mata a wuya. Ina gidan Hauwa matar Kailu ina karɓar haihuwa lokacin da anka kira ni. Na iske an lulluɓe ta da zanen wata, famfon yana zuba cikin tulunta har ya cika yana malala, babu wadda ta iya matsawa ta kashe shi. Muna ta bar 'ya'ya biyar, autarsu ba a yaye ta ba. Jandarmomi sun zo sun auna wurin, sunka rubuta cewa haɗari ne.

Ni na yi mata wanka, ranka ya daɗe, domin ni ce babbar 'yar'uwarta. Rijiyoyinmu sun ƙafe tun da daɗewa, babu wani ruwa a garin sai na shaton. Da shi na wanke ta. Ban san a wane sashe na takardar hukuma ake rubuta irin wanga abu ba, shi ya sa na sa shi nan.

5. Daga ranar, famfon ya zama wurin da ba a magana. Da can nan muke jin labarin aure da suna, yanzu kowace mace idonta a sama, kunnenta ga tankin. Wasu suna cewa suna jin ruwan yana motsi ko ranar da ba a fasa dutse, ko iska ba ta kaɗawa. Ba zan ce ƙarya suke ba, domin ni ma na ji, kuma ina jin sa har cikin salla. Liman ya ce mu yawaita addu'a, muna yi. Mata masu ciki sun daina zuwa, suna roƙon maƙwabta su ɗebo masu. Autar Muna tana hannuna, kuma ba ni da mai riƙe mini ita, saboda haka da ita a bayana nake shiga ƙarƙashin shaton kowace safiya, in tsaya inda uwarta ta tsaya.

Saboda abubuwan da na lissafa, muna roƙon mai girma cikin ladabi:

a) A dakatar da fasa dutse har sai an duba shaton.

b) A turo injiniyan da ya san irin wanga gini, a fasa simintin da ya binne robar, a maido tukwanen mai ko madadinsu. Idan shaton ya wuce gyara, a sauke shi kafin ya sauko da kansa.

c) A janye famfunan daga ƙarƙashinsa zuwa fili, ko a riƙa kawo mana ruwa da tanki kafin a gama.

d) A binciko wanda ya aiko ɗan kwangilar 1997, a kuma gyara rahoton rasuwar Muna. Mun yarda da ƙaddara, amma muna son a rubuta abin da ya faɗo mata da dalilin faɗowarsa, domin 'ya'yanta za su girma su tambaya.

Idan akwai shakka a kan maganata, ba na roƙon a gaskata ni. Ina roƙon a turo wakili ranar Alhamis mai zuwa da hantsi, ya tsaya tare da mu a famfo. Mu dai za mu kasance a can, ko ya zo ko bai zo ba, domin yara sai sun sha ruwa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci. Ka karɓi girmamawata da ta matan Tungar Ibrah.

Mai biyayya ga hukuma,

Bintu Manzo