Layin Surukai

Litinin, 11 ga Maris, 1963

Mai shela ya zaga kasuwa yau: zaɓen ɗan majalisar gunduma ranar 26 ga wata. Ba akwati, ba takarda. Layi za a yi a filin makaranta, duk mai biyan haraji ya tsaya bayan wanda yake so, malamin zaɓe ya zo daga Malumfashi ya ƙirga kawuna.

Mutum biyu ke neman kujerar unguwarmu. Alhaji Bature dillalin auduga, da abokina Maharazu mai gyaran keke.

Alhaji bai ɓoye nufinsa ba. In ya shiga majalisa, rumfunan bakin titi za su tashi don motocin Funtua su riƙa tsayawa a ƙofar sitonsa. 'Yan rumfunan da za su rage na 'yan gari ne, baƙi kuwa su koma bayan kwatar mahauta. Baƙi! Baba ya zo daga Ogbomosho ya kafa rumfar kolinsa a bakin titin nan tun Alhaji yana yawo ba wando. A bayan rumfar aka yanke mini cibiya, a gefenta nake taka keken ɗinkina. Amma har yau in ana kirana sai a ce Tunde Bayarabe, kamar jiya mota ta sauke ni.

Alhamis, 14 ga Maris

An yanka bijimi a gidan Alhaji. Na ga manyan mutane masu gemu suna ture juna a kan kayan ciki, har hular wani ta faɗa kwatami. Tir. Da yamma su ɗin ne suka biyo ta rumfar Maharazu suna sakace haƙori suna cewa, "Mu fa naka ne, cin nama daban, zaɓe daban."

Maharazu ya yarda da su. Shi matsalarsa ke nan, kowa mutumin kirki ne a wurinsa.

Asabar, 16 ga Maris

Na ɗinka wa Maharazu riga fara kyauta, don ba zai tsaya a gaban layi da rigar da baƙin mai ya cinye ba. Baba yana ta kallonmu daga cikin rumfa yana jera kwaɗuna da gilasan fitila. Ya ce da Hausarsa da ta ƙi miƙewa har yau, "Maharasu, in ka ci, ni ba na son komai. Ka bar ni inda nake."

Maharazu ya dafa ƙirji ya ce, "Baba Ayinde, in dai ina numfashi ba mai taɓa karan rumfar nan."

Mun zauna mun duba. Samari da magidanta masu ƙananan shekaru sun fi tsofaffi yawa nesa ba kusa ba, kuma duk sun gaji da awon audugar Alhaji. In kowa ya tsaya inda bakinsa ya faɗa, an gama.

Laraba, 20 ga Maris

Abin dariya. Alhaji ya daina bin samari kwata-kwata. Zaure-zaure yake bi yana gaida tsofaffi, goro a ganye, har da waɗanda sai an riƙe musu hannu suke fita. Yau na ga kekensa jingine a ƙofar gidan surukina, Malam Ummaru. Na ce wa Maharazu mutumin nan ya ruɗe, tsofaffin duka nawa suke?

Na tambayi matata Shafa'atu me ya kai Alhaji gidan babanta. Ta ce ita ina ta sani, maganar maza ce. Sai kuma ta ce, "Don Allah dai ranar zaɓen nan kada ka ba ni kunya gaban Baba."

Na san abin da take nufi. Satin farko da aurenmu na je gaida Malam, aka kawo tuwo, ya ce bismilla, ni kuwa na wanke hannu na zauna na ci na ƙoshi a gabansa. A gidanmu in babba ya ce ka ci ka ƙi, raini ne. Ina na san nan ba a ci gaban suruki? Shekara guda ke nan, har yau 'yan'uwanta in sun gan ni sai su ce, "Ango, a kawo ƙari?" Gwaggonta Tsohuwa kuwa ta ce dama ta faɗa, Bayarabe bai san kunya ba. Malam bai taɓa ce mini komai ba, amma tun daga ranar gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau.

Juma'a, 22 ga Maris

Bayan an sauko masallaci maroƙan Alhaji suka tsaya daidai rumfarmu suna waƙar wai gyaɗa ta san ƙasarta, kwakwa ta koma inda ake ruwa kullum. Iya ta fito da muciya, da ƙyar na riƙe ta. Mutanen da suke karɓar allura da ashana a hannun Baba shekara da shekaru suna tsaye suna dariya. Maiwada mai shayi, wanda Iya ta karɓi haihuwar 'ya'yansa, har da riƙe ciki.

Na kasa cin abinci.

Lahadi, 24 ga Maris

Na zaga gidajen samari. Kowa ya rantse. Har da masu cewa in sun saɓa kada su ga damina.

Talata, 26 ga Maris

Allah wadan garin nan. Allah wadan gemu da rawani in abin da ake yi da su ke nan.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba, ko da yake ba na jin zan manta.

Filin makaranta ƙofa ɗaya gare shi, tsakanin dannin aduwa da bangon aji. Tun da sassafe Alhaji ya kafa layinsa daga bakin ƙofar nan. Maharazu yana can ƙarshen fili gindin maɗaci da farar rigarsa. Ke nan duk mai zuwa wurinsa sai ya ratsa ta gefen layin Alhaji tun daga farko har ƙarshe. Su wa ke cikin layin? Tsofaffin nan da nake yi wa dariya. An shimfiɗa musu tabarmi, an jera su, kuma kowane tsoho a garin nan ya aurar da 'ya biyu, uku, wani biyar.

Sai ka ga saurayi ya shigo da ƙarfinsa, idonsa a kan maɗaci. Sai ya ji an ce, "A'a, wane, kai ne?" Surukinsa. Dole ya cire takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. A yi gaisuwa, a tambayi iyali, a tambayi jinjiri. Sannan tsohon ya buga tabarma da tafin hannu ya ce, "Zauna nan bayana, rana ta yi zafi." Shi ke nan. Wa zai miƙe ya sa takalmi ya juya wa uban matarsa baya, gari duka yana kallo? Ɗaya bayan ɗaya na ga ana tsince su kamar kaji da tsaba. Masu rantsuwa da damina suna tsugune suna zanen ƙasa da tsinke.

Ba a doki kowa ba, ba a tsorata kowa ba. Ɗan doka ma yana gefe yana cin rake. Malamin zaɓe ya ce shi bai ga laifi ba, gaisuwa ba ta cikin abin da aka hana.

Baba ya wuce abinsa da sandarsa, shi da sauran mutanenmu da Fidelis mai kantin magani, don su ba su da suruki a layin. Gwauraye ma sun wuce. Ashe ranar ta gwauraye ce.

Alhaji ya ci. Ratar ba ta fi yatsun hannu ɗaya ba.

Kaina ke ciwo.

Laraba, 27 ga Maris

Jiya ban rubuta duka ba.

Malam Ummaru yana kusa da tsakiyar layin. Na yi niyyar in bi ta bayan mutane in sulale, sai na ji muryarsa, "Babatunde." Bai taɓa kiran sunana cikakke ba sai jiya. Na cire takalmi na durƙusa. Ya tambayi Shafa'atu, ya tambayi aiki, har ya ce yaya jikin Iya. Sai ya matsa, da kansa ya gyara mini gefen tabarma. Yayyen Shafa'atu suna bayansa, na ga ɗayansu ya taɓa ɗaya da gwiwar hannu, suna jira su ga Bayarabe ya sake yin abinsa.

Na ce a raina bari in ɗan zauna, in ya juya in tashi. Bai juya ba. Malamin zaɓe ya iso da sandarsa yana taɓa huluna, ya taɓa tawa.

Daga inda nake ina hango Baba a gindin maɗaci, yana ta leƙen ƙofa yana jiran shigowata.

Asabar, 30 ga Maris

Ganguna kwana da kwanaki a ƙofar gidan Alhaji. Waɗanda suka fi kowa zaginsa su ne a gaba wajen rawa. Na ce wa Shafa'atu dubi marasa kunya. Ta ɗago ta dube ni, ta ce gwano dai ba ya jin warin jikinsa, ta ci gaba da tsince shinkafa. Amma daren nan har da nama a miya, kuma tana ta 'yan waƙe-waƙe a madafa.

Maharazu ya aiko da rigar an wanke an ninke. Ba saƙo.

Baba bai ce mini komai ba. Da ma zagina ya yi. Yana buɗe rumfa, yana rufewa, in na gaishe shi ya amsa. Iya ce ta ce mini da Yarabanci, wai ta ji an yaba tarbiyyata a gari, ta gode Allah da ba ta yi wahalar banza ba. Ta faɗa tana murza barkono kamar shi ya yi mata laifi.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Na je wurin Maharazu. Yana liƙe tayar keke, bai ɗago ba. Na fara bayani, ya ce, "Bari, Tunde. Ni ma da tsohon matata yana da rai ban san inda zan tsaya ba." Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya ce in miƙo masa famfo, na miƙa, na tsaya kaɗan, na tafi.

Mutanen banza, duk cikinmu.

Litinin, 15 ga Afrilu

Majalisa ta zauna, ta zartar. An zo da igiya da farar ƙasa an shata. Yau aka tashi rumfuna. Ni da Baba muka cire tamu da hannunmu don kada 'yan aikin su karya azara. Wasu ƙusoshin sun yi tsatsa har sun zama ɗaya da itacen, Baba yana cire su yana miƙar da su da dutse yana zubawa a gwangwani.

Bayan kwata: ƙuda, wari, ungulu a kan katanga. Ruwan jini yana bi ta gaban inda aka ba mu. Wa zai zo nan sayen gilashin fitila? Wa zai kawo shaddarsa a ɗinka?

Alhaji ya wuce a kan keke ya ɗaga mana hannu, wai sannunku da aiki. Na tofar da yawu, amma sai da ya yi nisa.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Malam Ummaru ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da baƙi, wani daga Gozaki, wani daga Dayi. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya nuna ni ya ce musu, "Surukina ne. Yaron nan ya fi 'ya'yan gari da yawa kunya." Har Tsohuwa ta leƙo daga cikin gida ta ce a gaida Shafa'atu.

Sannan ya ce ya yi wa Alhaji magana. Cikin rumfunan da suka rage a bakin titi akwai ɗaya, an ba ni, tunda ni ɗan gida ne. Na ce to Baba fa? Ya ce a bi a hankali, ba a taru an zama ɗaya ba, wuri ne na keke ɗaya.

Ya kamata in ce na gode, a bar shi. Na ce na gode.

A hanya na kama kaina ina maimaita maganar da ya faɗa wa baƙin. Abin ƙyama.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Komawata bakin titi ta ɗan lokaci ce. Sallah ta matso, ɗinki ba ya yiwuwa cikin ƙuda. Na gaya wa Baba haka, ya ce gaskiya ne. Shi ya kama mini ƙafar keken muka ɗora a amalanke.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Aiki ya yi yawa, ban samu na rubuta ba. Wurin yana da iska, ba laifi. Duk wanda ya sauka daga motar Funtua ni yake fara gani. Malam kan zo da hantsi ya zauna a bencina shi da abokansa, ina ɗinki ina jin hirarsu, wani lokaci har su tambaye ni ra'ayina. Jiya Alhaji ya aiko da yadi. Yadi dai yadi ne, keke bai san mai shi ba.

Yau da rana na hango wani tsoho yana tahowa bakin titi da faifan koli a ka, yana talla. Sai da ya matso na gane Baba ne. Ban san ya fara yawo da kaya ba, ba wanda ya gaya mini. Ya tsaya a gaban rumfa, ya gaida Malam da mutanensa ɗaya bayan ɗaya, suka amsa da mutunci. Na so in tashi in karɓi faifan, amma ina tsakiyar wuyan riga, kuma ga mutane.

Ya dube ni, ya dubi sabon rufin, ya ce, "Sannu da aiki, mai rumfa."

Na ce, "Yawwa, sannu Baba." Ƙafata ba ta tsaya a kan keke ba.

Gobe zan leƙa su. Ko bayan Sallah, in aiki ya yi sauƙi.