Baƙin Ƙungiya Za Su Zo Ganin Karnuka

Gwaggo Odessa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ina lafiya. Har yanzu ina sashen karnukan da muke horarwa su yi wa makafi jagora.

Akwai magana. Ƙungiyar shugabannin gidajen yari za ta zaɓi sabon shugaba, kuma mutum biyu daga gidan nan ke nema: shugabarmu Madam Haskew, da mataimakinta Kyaftin Tackett. An manna takardunsu a allon bakin ƙofa. Tata ta ce malamar makaranta ce da ta shigo koya wa fursunoni karatu, har ta kai inda take. Tasa ta ce soja ne, ya fara daga gadin hasumiya, ya taɓa kwantar da bore bai rasa gandiroba ko ɗaya ba. Fursunoni nawa aka rasa, takardar ba ta faɗa ba.

Masu zaɓen za su zo su ga gidan. Madam ta ce ni zan yi musu bayanin karnuka. Kin san ita za ta rubuta wa kwamitin da zai duba sakina a watan Oktoba. Na ce to.

Ɗanki, Delmar

Delmar,

Na samu taka. Ƙafa tana nan, ni ma ina nan.

Kai da a coci ko amin sai an zungure ka, yau kai ne mai jawabi? Ka saurare ni. Na yi wanki a asibiti har gashina ya yi fari, na ga manya suna faɗa. Ba su taɓa jin ciwo ba, mu ne muke ji. Ka ce maƙogwaronka na ciwo. Ka ce kare ya cije ka a harshe. Sannan wa ke buɗe wasiƙunku yana karantawa kafin su fito? Ka yi tunani kafin ka sa biro.

Na gyara maka ɗakin baya. Allah ya tsare.

Gwaggonka

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Masu karanta wasiƙu yaran Kyaftin ne, na sani. Abin da zan faɗa sun riga ni saninsa.

Na gwada maganar maƙogwaro. Madam ta aiko mini da zuma da lemon tsami, ta ce in huta kafin ranar. Ba muguwa ba ce. Kawai ba ta taɓa kwana a wannan ɓangaren ƙofar ba.

Gandirebobin da suka taso a hannun Kyaftin sun daina kiran sunana, sai lamba. Jiya Saje Mullins ya tsaya yana kallona ina wanke wa kare kwano.

Ya ce, "Malamin karnuka, an ce kai ne bakin Madam."

Na ce, "Aiki aka sa ni, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Madalla. In ta ci, ofishin jiha za su ɗauke ta, haka ake yi wa shugaban ƙungiya. In ta faɗi, da kunya za ta zauna? Ko ta yaya dai mu muna nan. Sa rigarka a wando, kar in rubuta ka."

Kin san in aka rubuta mutum da laifi ko ɗaya kafin zaman kwamiti, sai a ɗaga zaman zuwa baɗi. Yanzu ina gyara gado sau biyu, ina tafiya a jikin bango. In na ƙi magana na rasa takardar Madam. In na yi, kin ji Mullins. Na zaɓi in yi, don takardarta ce kaɗai abin da nake iya gani da idona.

Delmar

Delmar,

An nuno ka a talabijin, kai da wani baƙin kare. Ka yi kyau, ka yi magana kamar mutum. Maƙwabta sun cika mini falo suna tafi. Ni mutumin da ke tsaye bayanka nake kallo, mai askin soja, hannuwa a baya. Kowa ya yi dariya da karen ya lashi takalmin baƙo, ban da shi.

Wata ya wuce ban ga wasiƙarka ba. Na buga waya an ce ba ka da damar amsawa yanzu. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Gwaggonka

Gwaggo Odessa,

Bayan gaisuwa, ina lafiya, ana kula da mu sosai.

Madam ta ci zaɓe. Ta koma ofishin jiha da sauri, ba ta samu ta rubuta takardata ba. Kyaftin Tackett ne shugaban gidan nan yanzu. An kwashe karnukan a mota ranar Litinin.

Kyaftin ya kira ni ofishinsa, ya ba ni kujera, ya kira ni da sunana. Ya ce ya ji jawabina daga farko har ƙarshe, bai manta ko kalma ɗaya ba. Ya ce kar in damu da maganar kwamiti, shi da kansa zai rubuta musu.

Ki sa ni a addu'a.

Delmar