Ƙwan da Ke Ƙarƙashin Ciyawa

Zuwa ga Fernand, hasken idona, sanyin zuciyata, wanda ya fi mini furen tuffa a watan Mayu, ya fi mini ruwan rafinmu a tsakiyar zafi,

Na rubuta sunanka na gaskiya, wanda mamanka ta raɗa maka, ba Ferdinand ɗin da Jamusawa suka liƙa maka a takarda ba. Kada ka ji tsoro, wasiƙar nan ba ta gidan waya za ta bi ba. Hutun Pir ɗan kawunka ya ƙare, jibi zai koma wajenku fagen daga a Rasha, zan ɗinke ta cikin safar da zai kai maka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban daɗe a makaranta ba aka cire ni na kama tatsar shanu.

Kana tuna garinmu kafin Jamusawa su zo? Ni kullum can zuciyata take komawa. Yamma ta yi, ku taso daga majema kuna warin jima, hularka a karkace, ka bi ta ƙofarmu ka gaishe ni, ni kuwa in sunkuyar da kai kamar an kama ni da sata. Lokacin kakana yana zama a bakin gada yana cika baki, wai ƙasarmu Luksambur 'yar ba-ruwanmu ce, manyan ƙasashe sun sa hannu, an rushe ganuwar babban birni tun ubansa na saurayi don kada kowa ya yi kwaɗayinmu. Ka taɓa tsokanarsa ka ce, "Kaka, sojojin namu fa ko cocin nan ba za su cika ba." Ya ɗaga maka sanda ya ce, "Ɗan nema, wanda ba shi da abokin faɗa me zai yi da soja?" Duk muka yi dariya har da shi, ko da yake da idonsa ya ga shigowarsu a yaƙin duniya na farko. Sai ga safiyar nan da muka tashi muka tarar da motocinsu a kan gadar. Suka hana sa irin hularka, suka canza sunayen titunanmu, suka ƙidaya kajinmu, daga baya suka ƙidaya ku don aikin sojansu.

Amma ko a cikin wannan baƙin ciki na yi rana guda mai daɗi. Ranar Lahadin biretsal, tsakiyar azumi, ranar da saurayi ke ba wadda yake so burodin biretsal, ka tare ni bayan coci ka miƙo mini burodin nan mai harɗaɗɗun hannuwa, da sukari a kansa, a shekarar da yara ma sun manta ɗanɗanon sukari. Mako nawa ka sha kofi da ɗaci saboda ni? Na karɓa da hannu biyu. Ni da kai mun san amsa sai ranar Ista, ƙarshen azumin: wadda take son saurayin ta ba shi ƙwai, wadda ba ta son sa ta miƙa masa kwando ba komai a ciki.

Fernand, masoyina, ƙwai na kawo maka. Na ɗauke shi daga ƙarƙashin jar kazarmu kafin mai ƙidaya ya zo, na dafa shi da ɓawon albasa har ya yi ja kamar faɗuwar rana a bayan tudunmu. Da na hango ɗan sandansu tsaye a ƙofar coci, sai na binne shi ƙarƙashin ciyawa a ɗan kwandon mamata. Ko kaɗan ban yi tunanin abin da idonka zai fara gani ba. Ina miƙa maka, abokinka Tunn ya kwashe da dariya ya ce, "To ango, ga kwando, sai ka wuce gona ɗiban dankali." Fuskarka ta canza. Ka ajiye shi a kan katanga a hankali, ka juya. Abin da ya rage in ce kawai shi ne ka duba ciki, harshena ya ƙi. Kwana goma bayan nan jirgin ƙasa ya tafi da ku, ina laɓe bayan bishiyar tasha, ko hannu ban iya ɗaga maka ba.

Jiya mamanka ta karanta wa mamata wasiƙarka, ina bayan ƙofa. Ka ce in ana neman mai shiga gaba kai kake fara tashi, tunda kai ba wadda take jiranka. Wa ya faɗa maka? Ni da nake ganin fuskarka a cikin bokitin madara, nake jin takunka a kowane ruwan sama? Ina roƙonka, ya inuwata, ka daina. Ka sunkuyar da kai kamar yadda nake yi, ka zama na ƙarshe a kowane layi. Kakin da ke jikinka ba namu ba ne, ba ka da abokin gaba a can, ba wanda zai kira ka matsoraci a garin nan.

Yau Lahadi na yi abin da ban zaci zan iya ba. Na ratsa coci a gaban kowa, na wuce bencinmu, na tsaya kusa da mamanka. Mata suka fara raɗa. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sai ta matsa mini, ta buɗe littafin addu'arta a tsakaninmu. Nan za ka same ni kowace Lahadi, ko shekara nawa yaƙin nan zai ci. Ka dawo da ranka ka gani.

Taka kai kaɗai, har gashina ya yi fari,
Finni