Takardar da Muka Sa wa Hannu a Bakin Ƙofa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'yar'uwa mai kewar ɗan'uwanta, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya tsare ku daga sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Mu nan alhamdulillahi. Maigidana ƙafar ta yi sauƙi har ya koma tuƙi, babbar 'yata ta ci jarrabawa, ni kuma ina nan ina fama da keken ɗinkina. Inna ce dai sai a hankali, kuma a kanta na ɗauki biro. Ka yi haƙuri da rubutun, raina a ɓace yake.

Ka san filin nan na bayan ɗakin Inna, wanda tagarta take kallo. A watan jiya na gaya maka a waya cewa majalisar ƙaramar hukuma na son mayar da shi matattarar sharar unguwanni huɗu, kuma sun kira taro wai don jin ra'ayin jama'a. Ka tuna abin da ka ce mini? Ka ce in daina surutu a tsakar gida, in tara mutane mu je mu faɗi damuwarmu a inda ya dace, wai haka ake yi a inda aka ci gaba. To malam mai ci gaba, na bi shawararka. Kwana uku na rufe shago, ɗinkin mutane na jibge, ina bi gida-gida kamar mai neman ƙuri'a. Na gaya wa kowa cewa mace mai ciwon asma ba za ta rayu da juji taku goma daga gadonta ba, su ma kuma 'ya'yansu a nan suke wasa. Mai kanti ya rufe kantinsa, mai aski ya bar mutum da rabin kai, tsofaffi suka ɗauko sanduna. Mu sittin da uku muka tafi, har da Inna, wadda na riƙo hannunta muka hau matakala goma sha takwas tana tsayawa tana haki.

A bakin ƙofar zauren wa za mu tarar? Gajere, ɗan Kawu, wanda ka san akawu ne a majalisar. Yana zaune da tebur da fararen takardu masu layi, babu komai a samansu. Ya tashi ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce kowa ya rubuta sunansa ya sa hannu don a san yawan kujerun da za a ƙaro. Ni ce na fara, don in nuna wa mutane babu abin tsoro. Inna ta biyu, ni na kama babban yatsanta na dangwala mata a tawada. Sannan na tsaya a gefen teburin ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta wa waɗanda ba su iya ba. Auta, har daɗi nake ji ina ganin layuka suna cika.

Taron kuwa kada ka so ka ga ikon Allah. An ce ƙarfe goma, kansila bai shigo ba sai sha biyu saura. Ya yi kusan awa guda yana lissafa ayyukan da ya yi mana, har da fitilun titi waɗanda rabonsu da kamawa tun kafin ka yi aure. Da aka zo jin ra'ayin namu, sai aka ce mutum uku kawai, minti bibbiyu. Na tashi na yi maganar Inna, mai kanti ya yi maganar ƙudaje da kayan abincin da yake sayarwa, mai aski ya kawo shawarar tsohon garejin da ke bayan gari, inda babu gida ko ɗaya. Duk zauren ya ɗauki tafi. Da aka tambayi wa ya yarda da juji, ko yatsa ɗaya bai ɗagu ba. Kansila yana ta gyaɗa kai yana duba wayarsa, sakatare kuma na lura biron ma bai cire wa marfi ba. A ƙarshe kansila ya ce sun ji kukanmu, mu je mu kwantar da hankalinmu. Muka fito muna yi wa juna barka, ashe ganin kitse muke yi wa rogo.

Sati uku bayan nan, da hantsi, sai ga motar shara ta ja da baya ta juye kayanta a ƙarƙashin tagar Inna. Na fita ko takalmi babu. Direban ya ce shi ɗan aike ne, in je in karanta allon sanarwa na majalisa. Na je. Ga takardunmu guda uku an manna a bayan gilashi, an buga rubutu da inji a samansu, wai jerin mazauna unguwa da suka halarci taro suka kuma amince da wurin zuba shara. Sunana ne na ɗaya. Yatsan Inna ne na biyu.

Na shiga ofishin Gajere ba sallama. Mutumin da Inna ta goya lokacin da uwarsa take kwance, ya kasa haɗa ido da ni, sai borin kunya yake, wai shi an ba shi takarda ne ya miƙa, abin da aka buga a kai daga sama ya zo. Na ce masa dama an ce da ɗan gari akan ci gari, kuma ya ji kunya duniya da lahira. Kansila sai da na yi sintiri huɗu kafin na same shi. Ya ba ni kujera, ya kira ni uwar unguwa, ya ce shi ma abin ya dame shi, amma magana ta riga ta shiga rubutu. Wai hanya ɗaya ta rage: in kawo takardar koke da sa hannun mazauna hamsin kafin zaman majalisa na ranar Alhamis mai zuwa, sai a sake duba lamarin. In ranar ta wuce, shi ke nan, za a zuba siminti a kewaye wurin.

Yau kwana shida ke nan ina yawo da takardar koken, kuma ka san hannu nawa na samu? Huɗu. Ni, maigidana, 'yata, da mai aski, shi ma sai da ya karanta ta sau uku, ya ja layi a duk inda ya ga fili don kada a ƙara wani abu. Sauran da sun hango ni da takarda sai su shige gida. Mai kanti ya faɗa mini a gaban mutane cewa sau ɗaya ake yi masa, kuma wa ya sani ko da ni aka haɗa baki, tunda ɗan kawuna ne ya riƙe biron. Ni, Auta! Ni da uwata take kwana a zaune saboda warin nan! Na yi kuka a tsakiyar titi, abin da ban taɓa yi ba. Amma da na huce sai na ga ba zan iya zaginsu ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi. Abin da majalisar nan ta yi mana ya fi juji muni. Sun mayar da mu mutanen da ba za su ƙara zuwa taro ba, ba za su ƙara sa hannu a komai ba, ko da kuwa na ceton ransu ne. Allah ya isa tsakaninmu da su.

Inna kuwa sau biyu muna kai ta asibiti a satin nan. In rana ta take aka cinna wa sharar wuta, hayaƙin ɗakinta yake fara shiga, mun toshe tagar da tsummoki amma a banza. Likita ya ce ko a ɗauke sharar ko a ɗauke ta. Jiya na kai mata takardar koken da tawada, na ce ta dangwala. Ta ɓoye hannunta a cikin zane. Ta ce yatsan nan ya riga ya kore ta daga ɗakin da ta haife mu, ba za ta sake ba da shi ba, ko ni ce na roƙa.

Don haka abu biyu nake nema a wurinka, kuma ba na son jin wata shawarar ci gaba. Na farko, ka kira mai kanti da duk wanda kake da lambarsa a unguwar nan, yau ba gobe ba. Kai kana nesa, babu wanda ya gan ka a gefen teburin Gajere, wataƙila su ji maganarka. Hannu arba'in da shida nake nema kafin Alhamis. Na biyu, ka yi magana da maiɗakinka ku share ɗaki ɗaya. Inna da ta rantse ba mai fitar da ita daga gidan nan sai a makara, yau da safe ta sa 'yata ta sauko mata da akwatinta daga kan kabad, ta kuma tambaye ni ko garinku akwai sanyi sosai.

Ka gaida maiɗakinka da kyau, ka gaida takwarar Inna da 'yan biyu, ka ce Gwaggo tana sa musu albarka. Ka gaida Yaya Babba in kun haɗu, ka karanta masa takardar nan kada ka tsallake komai. Maigidana da yara suna gaishe ku. Kawu ma ya aiko a gaishe ka, na ce zan faɗa, ga shi na faɗa. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Mai keken ɗinki