Ladi ta ɗauke kiɗin gogenka

Maigida, ina gaisuwa. Allah shi sa takardar ga ta ishe ka lahiya can ƙasar Sakkwato.

Ka aiko a ɗauke mu, ni da ɗiyarka Ladi, kahin a gama yankan gero. Abin da nika so ke nan. Malam, rubuta shi haka nan, kar ka gyara.

Kiɗin nan ne. Wanda kay yi ranar da anka ɗaure samarin garinmu da igiya za a kai su aikin hanya. Kai kaɗai kat tsaya bakin rijiya da gogenka, ba mai ƙwarya, ba mai amshi, ko baki ba ka buɗe ba. Amma duk wanda yaj ji ya san abin da gogen ka hwaɗi. Kumandan ma, Baturen mulki, an gaya mishi, shi yas sa kak ƙetare.

Bayan tahiyarka anka yi shela: wanda anka ji da shi, ko da hito ne, za a tahi da shi. Wani makiyayi ya hura shi da sarewa wajen Tama, har yau ba a ga dawowatai ba.

To, ɗiyarka ta iya shi. Ba ta gama iya magana ba, amma ta iya shi duka, har wurin nan da kaka jan tsagiya a hankali kamar mutum na shan numfashi. Tana bayana ina daka lokacin da kaka gyara shi cikin zaure. Ashe kunnenta na nan.

Ranar kasuwa ina auna albasa, gardi guda biyu masu jar hula, 'yan sandan Kumandan, sunka tsaya kaina. Sai Ladi ta hwara kiɗin da baki, can cikin goyo. Na tura mata nono, ta ture. Na yi tari, na yi tari. Guda ya duƙo, yac ce, "Wagga ɗiyar wa ce?" Nic ce ta ƙanwata ce. Ya daɗe shina kallon goshinta, goshinka ne sak.

Na mare ta, Maigida. Da munka zo gida na mari bakinta. Ta yi kuka ta gaji, kuma da kiɗin ta lallashi kanta.

Ka sha ce min goge ba shi da harshe, ba a kai shi shari'a. Ita tana da shi.

In ɗaukar tamu ba ta yiwuwa, ka koya ma mai jakin da zai kawo ma takardar ga wani kiɗi, na wasa, na tsuntsu ko na akuya, shi zo shi yi mata, ko ta saki wancan.

Allah shi tsare ka, shi rufe kunnen gardi, shi haɗa mu da rai.

Ban hwaɗa ma kowa ba sai malam mai rubutu da Innarka. Inna ta ce in hana ta, ko da bulala. Sannan ta jawo ƙyauren ɗaki, ta ɗora Ladi bisa cinya, tac ce ta yi mata kiɗin sau guda ta ji.