Sa Hannun da Na Yi wa Faisal

Batsari, ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Nu'uman,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Zuwairatu da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare mana ku. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau, gero ya nuna, mutanen Karare har sun fara girbi. Inna tana nan a Safana, ƙafar tata ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har gidan Baba Armaya'u take takawa da kanta. Maigidana Malam Sadiq yana gaishe ka.

Yaya, na san labarin Faisal ya iso maka, don ka kira ni sau biyu ban ɗauka ba. Wallahi ba raini ba ne. Na ga in na fara magana a waya kuka ba zai bar ni in ƙarasa ba, shi ya sa na zauna na rubuto, ka ji yadda abin ya faru daga wurina.

Shekara uku da suka wuce, bai daɗe da shiga majalisar dokokin jiha ba, Faisal ya same ni a makaranta ana tsakiyar jarrabawa. Ya miƙo min takardu ya ce kamfani zai yi wa rajista, ana neman sunan wani na jini, in sa hannu a wuri uku. Na sa. Ni da nake wuni ina gaya wa ɗalibai kada su amsa tambaya sai sun karanta ta sau biyu, ko layi ɗaya ban karanta ba. Ƙanena ne, a bayana ya girma. Daga ranar ban sake tuna zancen ba.

Ashe kamfanin nan aka bai wa aikin haƙa rijiyoyin burtsatse a wasu ƙauyuka, har da Darini, kuma Faisal yana cikin kwamitin da ya amince a ba shi. Ta Darini wata biyu ta yi tana ba da ruwa, ta ƙafe. Ka san halin da dajinmu yake ciki, ka san fargabar da ake shiga in mace ta ɗauki jarka ta yi nisa da gari. Da mutanen garin suka gaji da kai kuka, sai suka rubuta ƙorafi zuwa majalisa. Aka binciko takardun kamfanin, aka ga sunana a matsayin mai shi.

Sai a lokacin na san cewa dole ne kowane ɗan majalisa ya bayyana abin da ya mallaka da duk harkar da yake da hannu a ciki, in kuma za a yanke shawara a kan abin da zai amfane shi, ya faɗa wa abokan aikinsa ya janye jikinsa. Akwai kwamitin ɗa'a da yake bin diddigin wannan. Faisal bai bayyana kamfanin ba, bai kuma janye ba. Kwamitin ya aiko min da takardar gayyata.

Saura kwana biyu a zauna, ya zo gidana da hantsi, ba direba ba 'yan rakiya, duk ya rame. Ya roƙe ni in ce kamfanin nawa ne, ni da maigidana muka kafa shi, shi bai sani ba sai daga baya. Ya ce ni ba abin da zai same ni, shi kuwa kujerarsa da mutuncinsa za su tafi. Ya ce ba shi kaɗai yake yin haka ba, 'yan adawa ne suka sa shi gaba. Wataƙila a nan yana da gaskiya, ban sani ba. Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani.

Washegari wata mata mai suna Indo ta zo daga Darini, 'yarta tana ajina. Ba faɗa ya kawo ta ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce an gaya musu Malama ce mai kamfanin, ita kuwa ta ƙi yarda sai ta ji daga bakina. In kuma ni ce, don Allah in taimaka a gyara musu, don ƙanwarta da cikin wata takwas take zuwa rafi. Yaya, na kasa haɗa ido da ita. Malam Sadiq bai ce min yi kaza ko bar kaza ba. Ya dai tuna min cewa za a rantsar da ni kafin in buɗe baki.

Ranar zaman kwamitin muka tafi Katsina. Ɗakin ba shi da girma, mutum bakwai a bayan dogon tebur, Faisal a gefe da lauyansa. Shugaban kwamitin dattijo ne, da Hausa ya yi min tambayoyi, a hankali. Ya tambaye ni inda ofishin kamfanina yake, na ce ban sani ba. Ya tambayi ma'aikata nawa gare ni, na ce ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Sai ya ce to kamfanin na wane ne. Na ce na ƙanena ne, shi ya kawo takardu, ni na sa hannu ban karanta ba, kuma wannan sakacin nawa ne ba na kowa ba. Ban kalli Faisal ba, amma na ji ƙarar kujerarsa da ya ja ta baya.

Bayan mako uku kwamitin ya gabatar da rahoto. An dakatar da shi wata shida, an cire shi daga kwamitin da yake ciki, an ce ya gyara bayanin kadarorinsa, kamfanin kuma ya koma ya sake haƙa rijiyar Darini. Na ji injin ya isa can makon jiya.

Dangi sun rabu biyu. Baba Armaya'u ya ce na tona asirin gida a gaban bare, yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Inna ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta ce ita dai uku ta haifa, kuma kansu a haɗe take so ta bar su. Ina yawan tunani, Yaya. Da can na ɗauka wannan bayyana kadara cike takarda ne kawai irin na ofis. Yanzu na gane a bayanmu mu dangi ake ɓoye abin, da sunan yaya ko mata ko suruki, mu kuma mu yarda saboda kunya ko ƙauna. In muka rufe baki, ba kwamitin da zai gano komai. Amma sanin haka bai rage min zafi ba. Da na ƙi sa hannu tun farko, da fushin mako ɗaya zai yi ya huce. A nan na fi cutar da shi, ba a Katsina ba.

Juma'ar da ta wuce na je Safana duba Inna, na tarar da shi a ɗakinta. Ya miƙe zai fita, Inna ta ce ya koma ya zauna. Ya gaishe ni kansa a ƙasa. Da la'asar ta yi na rasa abin hawa, sai kawai ya ɗauki makullinsa ya kawo ni har ƙofar gida. Bai ja motar ba sai da ya ga na shige ciki.

Roƙon da nake maka, ka kira shi. Kada ka yi masa faɗa, kada kuma ka ba shi haƙuri a madadina, don ban janye ko kalma ɗaya ba. Ka dai tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa. Masu cika masa gida duk sun watse, yanzu ne yake bukatar jin muryar yayansa.

Ka gaishe min da Anti Zuwairatu, da Yazid da Surayya, ka ce su dage da karatu. Inna ta ce in gaya maka tana sa ku a addu'a kullum. Allah ya shirya tsakaninmu, ya sada mu da alheri.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Mahfuza.