Hannun da Ke Kan Gezar Bidi

Tudun Wada, Zariya
4 ga Yuli, 1958

Zuwa ga maigidana marar cefane, jikana Dalhatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya karatun zane a Samaru? Mu lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Maƙwabciyata Keziya ta cika unguwa da labarin wai ka zana ta a kan goɗiya. Keziya fa! Wadda ko jaki ya yi atishawa sai ta haye turmi. Tun kana tsumma nake ba ka labarin Bidi, goɗiyar da ta kawo ni aure daga Giwa, wadda nake hawa ba sirdi, ba ta cin dusa sai a tafin hannuna. Ranar da ta mutu ko ruwa ban iya haɗiya ba. Shi ne ka ɗauke ta ka ba wata?

Na sani, da ka ce in zauna ka zana ni na ƙi, don marigayi kakanka Malam bai yarda da zanen fuska ba. To, ai sai ka lallashe ni. Haka ake neman mace?

Kada ka yi dariyar rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Matarka mai yaji,
Hafsatu

11 ga Yuli, 1958

Dalhatu,

Ina gajiya? Ina fatan kana lafiya.

Jiya na shiga gidan Keziya wai aron rariya, alhali ina da biyu. Zanen na rataye a ɗakinta. Fuskar tata ce, har ka rage mata shekara talatin, munafuki. Goɗiyar kuwa Bidi ce sak, har da tsagar kunnen hagu.

Sai na dubi hannun da ke shafa gezarta. Ɗan yatsana ne wanda linzami ya karya, a karkace, da zoben azurfata. Ashe shi kake leƙe kullum in ina kaɗi! Na fito ba rariyar, ina ta goge ido, na ce mata hayaƙi ne.

Keziya ta riƙe fuskarta, ban ƙi ba. Dama Bidi da hannu ta san ni. Amma kwana a ɗakin wata, a'a. Ran Juma'a ka zo ka kwanto min goɗiyata. Akwai dambu.

Taka, wadda ta kusa hucewa,
Hafsatu